Idan Mai Saitin Fiyano Ya Zo

Yawancin saɓanin da ke shiga tsakanin mai fiyano da mai gyaransa yana farawa ne tun kafin a buɗe jakar kayan aiki. Mai fiyano zai kira waya ya ce, "Malam, zo ka duba mana, sautinsa ya lalace." Mai gyara ya zo, ya shafe awa biyu yana juya ƙusoshi, ya karɓi haƙƙinsa ya tafi. Ranar Lahadi makaɗi ya zauna, sai ya tarar maɓallin da ke maƙalewa yana nan yana maƙalewa, feda tana nan tana ƙara. Daga nan sai a ce an ci kuɗi ba a yi aiki ba. Alhali kuwa an yi aiki, sai dai ba wanda mai kiran yake nufi ba ne, kuma babu wanda ya zaunar da ɗan'uwansa ya yi masa bayani.

Wannan rubutu na waɗanda aka ɗora wa kula da fiyano ne a coci, ko makaranta, ko otal, ko gida, waɗanda da yawansu ba su taɓa leƙa cikinsa ba. Maganar fiyano na katako da waya nake yi, ko na tsaye da ake jinginawa da bango, ko na kwance mai ƙafa uku. Kibod mai aiki da lantarki ba ya ciki, don shi sautinsa a ajiye yake cikin na'ura, ba ya sauka ba ya hawa. Ayyukan da ake yi wa fiyano iri huɗu ne, kowanne da lokacinsa da kuɗinsa: saiti, daidaita inji, gyaran murya, da gyaran abin da ya lalace. Wanda ya iya rarrabe su zai san abin da zai nema, zai kuma gane ko an yi masa.

Buɗe shi ka gani

Ranar da mai gyara ya fara zuwa, ka roƙe shi ya cire allon gaba ya nuna maka. Gani ya kori ji, kuma gwani na ƙwarai ba ya ƙin wannan roƙo. Maɓallai 88 ne a gabanka, farare 52, baƙaƙe 36, amma abin da yatsa ke taɓawa gutsure ne kawai na wani dogon katako da ya shige ciki. In ka danna gabansa, bayansa ya ɗaga, ya tura wasu ƙananan katakai masu gaɓoɓi, su kuma su wurga 'yar guduma. Kan gudumar ulu ne na gashin tunkiya da aka matse har ya yi tauri. Tana bugun waya sai ta ja da baya nan take, ko da yatsanka na kan maɓallin, domin da ta tsaya a manne da wayar da amon ya mutu. Wannan dabara ta buga-ka-janye ita ce Bartolomeo Cristofori ya gano a birnin Fulorans na Italiya wajen shekarar 1700, kuma a kanta kowane fiyano yake tafiya har yau. Akwai kuma 'yan birki na ulu mai taushi da ke kwance a kan wayoyin. Ka danna maɓalli birkin ya ɗaga, ka saki ya koma ya kashe amon. Fedar dama aikinta ta ɗage birkin duka a lokaci ɗaya.

Wayoyin sun fi maɓallan yawa nesa ba kusa ba, wajen 230 ne. Daga tsakiya zuwa hannun dama kowane maɓalli wayoyi uku yake bugawa tare. In aka gangaro hagu su koma biyu, a can ƙarshe ɗaya mai kauri wadda aka naɗe da jan ƙarfe. Kowace waya an ja ta da ƙarfin da ya kai kilo 70 zuwa 90, in aka haɗa jimilla ana maganar tan 18 zuwa 20 suna ja dare da rana, ko ana kaɗawa ko ba a yi. Katako zalla ba zai jure wannan ba, shi ya sa aka sa firam na ƙarfen zubi, wanda wani mai ƙera fiyano a Boston ta Amurka mai suna Alpheus Babcock ya yi wa rajista a 1825. Kan kowace waya a naɗe yake jikin ƙusa ta ƙarfe, ƙusar kuma an buga ta cikin wani katako mai tauri da aka haɗa fale-fale. Babu noti babu makulli. Matsin katakon nan kaɗai ke riƙe da ƙusar.

A bayan wayoyin akwai allon sauti, faffaɗan katako marar kauri wanda aka ɗan gantsarar da tsakiyarsa. Wayoyin sun hau kan wani dogon katako da ake kira jaki, jakin kuma a manne yake da allon. Waya ita kaɗai amonta bai taka kara ya karya ba, allon ne ke ɗaukar rawarta ya cika ɗaki da ita. Ka riƙe maganar allon nan, don kusan duk rigimar hunturu da damina a kansa take.

Saiti

Saiti shi ne juya ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya da wata sifana mai dogon mariƙi, a ja waya ko a sassauta ta har kowace ta ba da amon da ya dace. Iyakarsa ke nan. Ba ya gyara maɓalli mai maƙalewa, ba ya hana feda ƙara.

Mai saiti yana farawa daga maɓalli na 49 in an ƙirga daga hagu, wanda makaɗa ke kira A. Wayarsa za ta yi rawa sau 440 a sakan ɗaya. A wani taro da aka yi a Landan a 1939 aka yi ittifaƙi a kan wannan ma'auni, kuma a kansa ake ƙera kibod da sarewa da kakaki na zamani, shi ya sa fiyanon da ya kauce masa ba ya jituwa da sauran kayan kiɗa. Wasu masu saitin na ɗauko wannan amo daga ɗan ƙarfe mai yatsu biyu da ake ƙwanƙwasawa, wanda John Shore ya ƙirƙiro a Ingila a 1711. Wasu kuma daga na'ura.

Abin da kunnensa ke bi shi ne kaɗawar amo, kuma kai ma za ka iya jin ta. Ka danna maɓalli ɗaya a tsakiyar fiyanon da ya daɗe ba a saita ba, ka riƙe, ka kasa kunne. Maimakon amo ya tafi sumul har ya ɓace, za ka ji yana wani wau-wau-wau. Wayoyi ukun ne ba su daidaita ba. In ɗaya na rawa sau 440, 'yar'uwarta 441, za ka ji kaɗawa ɗaya a kowane sakan. In tazarar biyu ce, kaɗawa biyu. Mai saiti zai cusa 'yar roba tsakanin wayoyin ya rufe bakin biyu, ya saita ɗaya, sannan ya buɗe ta biyu ya riƙa jan ta a hankali. Kaɗawar tana raguwa, tana raguwa, har ta tsaya cik. To, sun zama ɗaya. Wannan ne mafi yawan abin da mutane ke ji su ce fiyano ya yi tsami, kuma shi ne wurin da aka fi gane hannun gwani.

Akwai wani wuri kuma da ake barin kaɗawar da gangan, kuma a nan ne masu kunnen waƙa kan yi gardama. 'Yan kwaya sun san tazarar do zuwa so, sun san daɗinta in ta fita tsaf. Da za a bi fiyano ana saita wannan tazara tsaf-tsaf, daga wannan maɓalli zuwa na gaba har sau goma sha biyu, za a zaci a dawo kan do. Amma ba a dawowa daidai, ana zarcewa da kusan rubu'in tazarar da ke tsakanin maɓalli da maƙwabcinsa. Ba kuskuren kowa ba ne, haka lissafin sauti yake. Mawaƙi yana iya lanƙwasa muryarsa ya rufe wannan giɓi, fiyano kuwa ba zai iya ba. Saboda haka aka raba rarar daidai wa daida: kowace do zuwa so a ɗan rage mata kaɗan, kowace do zuwa mi a ɗan ƙara mata. Da haka ne za a iya kaɗa waƙa daga kowane maɓalli ba tare da wani ya yi muni ba. Mai saiti yana ƙirga waɗannan kaɗawa da kunne. Alal misali, F da A da ke ƙasa da tsakiyar fiyano, in aka buga su tare, ana so su kaɗa kusan sau bakwai a sakan.

Sau da yawa bayan an gama aiki wani matashi zai fito da wayar hannu mai manhajar saita jita, ya auna maɓallan sama, ya ce, "Malam, ai waɗannan sun zarce." Gaskiyarsa, sun ɗan zarce, kuma haka ake so. Wayar fiyano ƙarfe ce mai tauri, ƙananan amon da ke ɓoye cikin babban amonta suna fita ɗan sama da inda lissafi ya ajiye su. In aka saita komai daidai da lambar na'ura, kunne zai ji maɓallan sama sun yi ƙasa. Don haka ake ɗan ɗaga na dama, a ɗan saukar da na hagu, kuma kowane fiyano da gwargwadon da yake so. Akwai manhajojin da aka yi musamman don fiyano, masu auna wannan bambanci, kuma ba aibi ba ne mai saiti ya yi aiki da su. Amma na'ura ba ta riƙe sifana.

Riƙon sifanar nan shi ne rabin sana'ar. Ƙusar tana cikin katako a matse, in an juya kanta, gindinta ba ya bi nan take, sai ta ɗan murɗe. Wanda bai iya ba zai kai waya inda yake so ya saki, bayan kwana biyu ƙusar ta warware murɗinta, amo ya gudu. Gwani yakan ɗan wuce wurin, ya dawo da ita, ya zaunar da ƙusar, sannan ya bugi maɓallin da ƙarfi sau biyu ko uku don wayar ta zauna a kan jakinta. In ka ji yana dukan maɓalli ɗaya kamar mai fushi, kada ka tsorata, yana tabbatar da cewa bugun makaɗinku ba zai ture aikin ba.

Abin da yake buƙata daga wurinka shi ne shiru na awa ɗaya da rabi zuwa biyu. A kashe rediyo, a ɗage gwajin waƙa, a matsar da janareto in da hali. A kashe fankar sama ma, ko da ana zafi, domin fukafukanta suna sara amon su haifar da wata kaɗawa ta ƙarya da ke ruɗa kunne. Aikin na kunne ne da hannu, shi ya sa makafi suka yi fice a cikinsa. Claude Montal, Bafaranshen da ya makance tun yana yaro, shi ya wallafa ɗaya daga cikin littattafan farko masu zurfi a kan saitin fiyano a 1836, kuma bayansa makarantun makafi a Turai suka riƙa koyar da sana'ar.

In fiyano ya daɗe ba a taɓa shi ba

Wata magana da ke jawo zargi ita ce mai saiti ya ce, "Baba, wannan sai na zo sau biyu." Fiyanon da ya yi shekaru ba saiti yakan sauka gaba ɗaya, wani lokaci har ka danna C ka ji B. Maido da shi na nufin ƙara wa firam da allon sauti nauyi mai yawa. Yayin da ake jan wayoyin ƙarshe, allon yana ɗan lotsawa, sai waɗanda aka fara ja su sake sauka, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka ɗaga su. Dole a fara bi da sauri a ɗaga kowa kusa da wurinsa, sannan a dawo a yi saitin tsanaki. Aiki biyu ne, kuɗinsa ma ya fi, kuma ko an yi shi da kyau, irin wannan fiyano yana son a sake leƙo shi bayan 'yan watanni.

Kafin a fara, ku yi magana a kan waya mai tsinkewa. Wayar da ta yi tsatsa tana iya tsinkewa a hannun kowa, kuma ya fi kyau a san wanda zai biya tun kafin a ji ƙarar. Siraran wayoyi mai gyara kan zo da su a naɗe. Masu naɗin jan ƙarfe kuwa sai an auna an yi odar irinsu, kuma sabuwar waya takan yi ta miƙewa, sai an dawo an ja ta wasu lokuta kafin ta zauna. In tsatsar ta yi yawa, akwai zaɓin a saita fiyanon a inda ya sauka, ya jitu da kansa kawai. Yana da daɗin ji in shi kaɗai ne, amma ba zai tafi da kibod ko jita ba, kuma yaran da ke koyon waƙa da shi kunnensu zai saba da amon da ba daidai ba. A ganina wannan zaɓi na gida ne. Coci da makaranta su daure su ɗaga shi, in wayoyin za su jure.

Hunturu da damina

Duk mai ƙofar katako ya san yadda take cijewa a watan Agusta sai an sa mata kafaɗa, sannan a Janairu ta saki har ana hango haske ta gefenta. Allon sauti haka yake yi. Da damina ya sha danshi ya kumbura, gantsarewarsa ta ƙaru, ya tura jaki, wayoyi su ƙara ɗamewa, amo ya hau. Da hunturu ya bushe ya kwanta, amo ya sauka. Kuma ba a hawa da sauka tare, maɓallan tsakiya sun fi motsi, don jakinsu a tsakiyar allon yake. Shi ya sa fiyanon da babu wanda ya taɓa shi ma yake ɓata saiti.

Masu ƙera fiyano suna son danshin iska ya tsaya wajen kashi 40 zuwa 50 cikin 100. A Kano ko Zariya ko Zinder, tsakiyar hunturu yakan faɗi ƙasa da kashi 20, a Agusta kuma ya haura 70. Wannan lilo ya fi ƙarfin abin da aka ƙera yawancin fiyano dominsa, kuma ɓarnarsa ba ta tsaya kan amo ba. Bushewa tana sa katakon ƙusoshi ya saki, manne ya ɓalle, allo ya tsage. Laima kuma tana kawo tsatsa da maƙalewar maɓallai. Na fi jin tsoron hunturu, don yawancin abin da damina ta ɓata yana gyaruwa, amma katakon da ya tsage ba ya komawa.

Saboda haka saiti sau biyu a shekara shi ne mafi ƙaranci a wurinmu, kuma lokacinsa yana da muhimmanci. Kada a yi shi a kan gaɓar sauyin yanayi. Wanda ya saita a ƙarshen Oktoba, ruwa na ɗaukewa, zuwa Kirsimeti aikin ya tafi, kuma ba laifin mai saitin ba ne. A bari iskar hunturu ta zauna na 'yan makonni, a yi a farkon Disamba. Na biyun a yi shi bayan damina ta kankama, wajen Yuli. Sabon fiyano yana son sau uku ko huɗu a shekararsa ta farko, saboda wayoyinsa na miƙewa. Wanda aka kawo daga wani gari kuwa a bar shi mako biyu zuwa huɗu ya saba da iskar ɗakin kafin a kira mai saiti.

Inda aka ajiye shi ya fi kowane magani. A nisanta shi da taga da ƙofar da iska ke kaɗowa, da bangon da rana ke duka da yamma, da bakin na'urar sanyaya ɗaki, da wurin da kwano ke yoyo. A ɗinka masa riga mai kauri da za ta rufe shi har baya. A sayi 'yar na'urar auna danshi, ba ta da tsada, a ajiye kusa da shi. Akwai na'urar da ake ɗaurawa a cikin fiyano ta riƙa daidaita danshi da kanta, irin ta kamfanin Dampp-Chaser, kuma tana aiki, amma sai inda wuta ba ta yawan ɗaukewa da kuma wanda zai riƙa zuba mata ruwa. Kwanon ruwa da wasu ke turawa cikin fiyano da hunturu kuwa ban yarda da shi ba. Danshin da yake bayarwa kaɗan ne, in ya zube ɓarnarsa babba ce, kuma yana kiran ɓera.

Sauran ayyuka uku

Daidaita inji ya shafi yadda maɓalli ke amsa yatsa. Tsakanin yatsa da waya akwai ulu da fata da katako a wurare da dama, kuma shekara da shekaru suna lotsewa. Maɓalli ya kamata ya nutse kusan milimita 10, guduma ta taso daga nisan kusan milimita 45, a sake ta saura milimita biyu ko uku ta isa waya. In waɗannan ma'aunai suka gurɓace, makaɗi zai ce ba ya iya kaɗawa a hankali, ko guduma na bugu biyu, ko maɓalli ba ya maimaitawa da sauri. Ka durƙusa ka dubi layin fararen maɓallai daga gefe, in ka ga wasu sun yi sama wasu ƙasa, lokaci ya yi. Mai gyara zai ɗaga kowane maɓalli ya sa masa 'yan zobban takarda a ƙarƙashi, wasu ba su kai kaurin takardar littafi ba, har layin ya miƙe. Sau 88 zai maimaita kowane mataki, don haka aikin yini ne ko fiye, amma ba kowace shekara ake yinsa ba.

Gyaran murya a kan gudumomi ake yinsa. Ka dubi kan gudumar da ke tsakiyar fiyanon da ake yawan kaɗawa, za ka ga tsaga uku da wayoyi suka yi mata, ulun wurin ya daskare ya yi sheƙi. Irin wannan guduma amonta kaifi gare shi, yana huda kunne, ko da saitin daidai yake. Ana goge kan da sanfefa a maido masa da siffarsa, a soka masa allura a wuraren da suka dace don ya yi laushi. Sai an gama saiti da daidaita inji ake yin wannan, kuma ya kamata makaɗin ya kasance a wurin ya faɗi irin muryar da yake so, domin ulun da aka goge ba ya dawowa.

Na huɗu shi ne gyaran abin da ya karye ko ya lalace. Maɓalli mai maƙalewa da damina galibi ulun da ke cikin raminsa ne ya kumbura, ana matse shi da wata filaya ta musamman cikin 'yan mintoci. Wani lokaci ma biro ne ko tsabar kuɗi da yara suka jefa. Zizar da ake ji in an buga wani maɓalli, a fara duba gilashin taga da hoton bango da abin da aka ɗora a kan fiyanon kafin a zargi cikinsa. Tsagewar allon sauti ba mutuwa ba ce, fiyano da yawa na aiki da ita, sai in haƙarƙarin da ke bayan allon ya ɓalle yana ziza, shi ma ana manne shi. Ƙusoshin da suka saki sun fi wannan haɗari. In 'yan kaɗan ne, ana ƙara buga su ciki ko a sauya su da masu kauri. In katakon ne ya tsattsage, babu saitin da zai zauna, kuma sauya shi kan fi kuɗin fiyanon na tsaye. Tsagewar firam ɗin ƙarfe kuwa, galibi nan ne ƙarshen tafiya.

Mai, feshi da ɓera

Kada a ɗiga wa cikin fiyano man keke, ko man inji, ko feshin da ake sassauta noti da shi. Ulu yana shan mai ya kama ƙura ya daskare, in kuma man ya gangara kan ƙusoshi, katakon ya daina riƙo har abada. Maganin sauro ma kada a fesa a kan wayoyi. Kada a taɓa wayoyi da hannu, gumi tsatsa yake zama. Maɓallai a goge su da ƙyalle mai ɗan laima da aka matse sosai, daga ciki zuwa waje, a bi da busasshe. Ƙurar ciki a bar wa mai gyara.

Ɓera ya fi son fiyanon makaranta lokacin dogon hutu. Ta ramin feda yake shiga. In aka cire maɓallan za a tarar da sheƙarsa a ƙarƙashi, tulin ulu ja da kore da fari da ya yayyago daga birki da gudumomi, a cakuɗe da ɓawon gyaɗa. A fiyano na tsaye akwai 'yan siraran igiyoyi, kowace guduma da tata, waɗannan yake fara ci. Fitsarinsa kuma yana cinye waya da fil ɗin maɓallai. A toshe ramukan ƙasa da ragar ƙarfe, a sa tarko a waje, kada a sa guba a ciki don kada ya mutu inda hannu ba ya kai. A hana cin abinci kusa da shi, a kuma sa wani ya riƙa buɗewa yana kaɗawa ko sau ɗaya a mako. Gara ita ma a riƙa dubawa, musamman inda bayan fiyanon ya manne da bango.

Sayen na hannu

Yawancin fiyanon da ke zuwa mana na hannu ne daga Turai ko Japan, kuma araha ba ta ado. Kyan fenti ba ya nuna lafiyar ciki. Kada ka biya sai ka je da mai gyaran da ba shi da alaƙa da mai sayarwa. Zai auna ko fiyanon na kusa da 440, ya ɗora sifana a kan ƙusoshi ya ji ƙarfin riƙonsu, ya haska jaki da firam da tocila, ya karanta lambar da aka buga a ciki wadda ke nuna shekarar ƙira. Akwai tsofaffin fiyanon Ingila da birkinsu ke saman gudumomi, da wayoyi tsaye a gaban injin, waɗannan a bar su ko kyauta ne. Ka sani kuma fiyanon da ya yi rayuwarsa a ƙasa mai laima, hunturunsa na farko a nan shi ne jarrabawarsa, don haka ka ware kuɗin gyara tun daga ranar saye.

Wani lokaci gaskiyar da mai gyara zai faɗa ba ta da daɗi, musamman in fiyanon gado ne ko kyautar wani da ake girmamawa. In ya ce kuɗin gyara ya fi darajarsa, ka nemi ya nuna maka dalili da idonka, ka kuma nemi ra'ayin wani in kana shakka. Ƙaramar majami'a da ba ta da halin saiti sau biyu a shekara, kibod mai kyau ya fi mata fiyanon da ke tsami.

Kafin ya tafi

Tun kafin ya zo, ka sa makaɗin ya rubuta duk abin da ke damunsa, da lambar maɓallin in zai yiwu. Ka miƙa wa mai gyara takardar, ka tambaye shi wanne ne saiti zai magance, wanne ne aiki daban, nawa ne kowanne, wanne zai iya jira. Bayan ya gama, kada a sallame shi sai an bi maɓallan 88 ɗaya bayan ɗaya ana saurare, an taka kowace feda, an kaɗa waƙar da aka saba. A ajiye kati a cikin murfin sama, ya rubuta kwanan wata, da inda ya tarar da A, da inda ya bar ta, da abin da na'urar danshi ta nuna ranar, da gyaran da ya ba da shawarar a yi nan gaba. In wata waya ta zame cikin mako ɗaya ko biyu, ka kira shi, yawancinsu suna dawowa su taɓa ba tare da ƙarin kuɗi ba in an yi wannan magana tun farko. Sannan ku tsayar da watan da zai sake zuwa tun yana nan, a rubuta shi a katin.